Layin da Baba Hatimi Ya Goge

Baba Hatimi ya lashi babban yatsansa kafin ya taɓa maɓallin farko, kamar yadda yake yi kowace safiya. Babu takardar da zai buɗe, babu ambulan ɗin da zai ƙirga, amma yatsan nan bai taɓa yarda ya fara aiki a bushe ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a gidan waya yana rarrabe wasiƙu, kuma har yau hannunsa bai samu labarin cewa an yi ritaya ba. Ya goge fuskar kwamfutar da hannun rigarsa, ya gyara zaman tabarau, ya jawo kujera har cikinsa ya taɓa tebur. Ran nan Litinin ce, kuma tun daga bakin titi yake sauri yana murmushi shi kaɗai, har mai gadi ya tambaye shi ko an yi masa jika ne.

Ɗakinsa shi ne na ƙarshe a asibitin ido, bayan ɗakin magani, inda ake ajiye katunan marasa lafiya. Taga ɗaya ce, tana kallon tankin ruwa. Kantoci sun hau bango har rufi, cike da katuna masu launin ƙasa. Fankar sama tana da fiffike ɗaya da ya lanƙwashe, saboda haka iskarta kan zo ne kashi-kashi, kamar numfashin mai barci. Nan Likita, shugaban asibitin, ya ajiye shi shekara huɗu da suka wuce, lokacin da zaman gida ya fara cin ransa, matarsa kuma ta ce in bai nemi abin yi ba, wata rana za ta tarar ya jera mata cokula unguwa-unguwa.

Sunan Hatimi daga gidan waya ya biyo shi. A can, ko daga waje mutum ya ji bugu ya san ko shi ne a kan tebur: ɗaya a tawada, ɗaya a kan ambulan, da ɗan shiru a tsakani kamar makaɗi yana jiran mawaƙi. Da keke ya fara, da jaka a kafaɗa, yana saurayi siriri. Daga nan aka shigar da shi ciki, gaban akwatunan rarrabawa. Shekaru tara na ƙarshe kuwa ya yi su ne a wani ɗaki da ba wanda ke son aiki a cikinsa, ɗakin wasiƙun da suka rasa gida: wanda aka rubuta wa ya tashi, ko ya rasu, ko dama adireshin bai cika ba. Aikinsa a nan shi ne ya juya ambulan. In mai aikawa ya rubuta adireshinsa a baya, wasiƙa ta koma hannun mai ita. In bai rubuta ba, ta zauna a buhu har ɓeraye su karanta ta. Tun daga lokacin yake gaya wa duk wanda ya tsaya saurarensa cewa fuskar ambulan ta mai karɓa ce, bayanta na mai aikawa. 'Ya'yansa sun haddace wannan magana tun kafin su iya rubuta sunayensu.

Kwamfutar ta Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke rubuta manhaja a wani kamfani a wani gari mai nisa, inda take zaune da mijinta da 'ya'yanta biyu. Ta bar masa tsohuwar ne don ya riƙa shigar da katuna. Wata rana da ta zo hutu ya leƙa ta kafaɗarta, ya ga tana rubutu a baƙin allo, layi bisa layi, ya tambaye ta wa take rubuta wa. Ta ce na'urar take rubuta wa: tana gaya mata ta ɗauki sunaye ɗaya bayan ɗaya, ta sa kowanne a wasiƙarsa, ta aika. Baba Hatimi ya ce ai wannan aikinsa ne, wa ya ba su ba a tambaye shi ba. Auta ta yi dariya har ta ƙware. Shi kuwa da gaske yake. Ya sayi littafin rubutu mai kaurin bango, kowace Asabar da hantsi ta kira shi a waya, yana bugawa da yatsu biyu, yana kwafe kowane umarni a littafin da jan biro. Ranar da na'urar ta fara yi masa biyayya, ta jera sunansa sau goma a allo, sai da ya taso matarsa daga kicin da ludayi a hannu ta zo ta gani. Ta duba, ta ce wannan sunan shekara arba'in ke nan ta san shi, ko sau ɗaya aka rubuta ya ishe ta.

Wata takwas ya yi yana koyo kafin abin da yake jira ya zo. Wani baƙon likita mai cire yanar ido ya aiko cewa zai iya zuwa da ma'aikatansa su yi kwana uku suna aiki, amma sai an tabbatar masa da mutum sittin kafin ƙarfe biyun ranar Alhamis. In ba a samu ba, zai wuce wani gari, sai kuma baɗi in da rai. A kantocin Baba Hatimi akwai katuna ɗari da arba'in da uku na masu jiran wannan aiki, tsofaffi galibi, waɗanda duniya ta zame musu kamar ana kallonta ta cikin madara. Kusan duk ba sa karatu yanzu, amma a kan kowane kati akwai adireshin imel na ɗa, ko 'ya, ko jika, ko maƙwabci.

Kiran mutane aikin Sista Doguwa ne, babbar nas ta asibitin, wadda ta yi shekara ashirin da biyu tana ɗiga wa mutane magani a ido tana yi musu faɗa kamar ita ta haife su. Takan zauna da wayar asibiti guda ɗaya ta bi lambobi, rabi a kashe, wasu an canza, wasu mai ita ya tafi gona ya bar ta a gida. Kwana goma takan yi, muryarta ta dishe. Wannan karon kwanakin aiki huɗu kawai suka rage musu, daga Litinin zuwa Alhamis. A taron da Likita ya kira, Baba Hatimi ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba, ya ce a bar waya ta huta, na'ura za ta isar da saƙon kowa cikin minti biyu, amsoshi kuma su shigo akwatin imel ɗin asibiti. Sista Doguwa ta dube shi daga can sama inda Allah ya ajiye kanta, ta ce ita dai ta san murya, ba ta san baƙin allo ba. Likita ya ɗan yi tunani, ya ce a gwada. Ita kuwa ta tura wayar gefe da ɗan yatsa ɗaya, ta ce to, ta ajiye, idanun mutum sittin suna wuyan Baba.

Ya ɗauki wannan nauyi da murna. Ranar Asabar Auta ta turo masa ƙashin bayan umarnin, shi kuma ya zauna yana sa masa nama. A can sama akwai layuka uku: na mai aikawa, na mai karɓa, na kan magana. Na farkon ta bar shi ba komai, da 'yar sanarwa cewa ya cike. Ya daɗe yana kallon layin nan, yana jin wani abu na sukarsa. Mai aikawa a fuska, har ma a saman mai karɓa, kamar baƙon da ya riga mai gida zama. Ya ce a ransa yaran zamani sun iya na'ura amma ba su san wasiƙa ba. Sai ya goge layin, ya gangara can ƙarshen saƙon, inda a ganinsa nan ne baya, ya rubuta sunan asibiti, da titi, da lambar gini, da adireshin imel, tsaf, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Na'urar ba ta yi gardama ba. Ya aika wa kansa gwaji, ya karanta tun daga gaisuwa har ƙasa, ya ga adireshin zaune a mazauninsa, ya ji daɗi har ya yi wa kansa kirari a hankali.

Shi ya sa a safiyar Litinin ɗin nan bai danna maɓallin ƙarshe ba sai da ya aika a kira masa Sista. Ta zo da faranti na auduga da kwalabe a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa. Ya yi bisimilla ya danna. Sunaye suka fara gudu a allo, fari a kan baƙi, ɗaya na korar ɗaya, kamar tsuntsaye suna barin bishiya. Yana kiran waɗanda idonsa ya kama: mai gyaran agogo, tsohuwar malamar firamare, direban nan mai tari. Aikin da a da zai ci masa yini uku a kan keke ya ƙare kafin fanka ta gama numfashi goma. Ya juyo yana haki kamar shi ya yi gudun. Sista ta ce ta ga tafiya, saura ta ga dawowa, ta wuce da farantinta.

Akwatin imel ɗin asibitin a kwamfutar teburinta yake buɗewa, ita kaɗai ke riƙe da kalmar sirrinsa. Saboda haka duk bayan rabin awa sai a ga Baba Hatimi ya biyo baranda, ya wuce layin masu jira da auduga manne a ido, ya leƙa ya tambaya. Ba komai. Ya ce ai wasiƙa tana son ta ɗan huta a hannun mai ita kafin a amsa. Ranar Talata sau goma sha ɗaya ya yi wannan tafiya. Da farko tana tsokanarsa, tana tambaya ko na'urar tasa ta haihu, tana cewa zai cinye musu simintin baranda. Da la'asar ta daina tsokanar, wannan kuwa ya fi tayar masa da hankali. Ya lura ta jawo wayar kusa da gwiwar hannunta. Likita ya tare shi a ƙofa ya tambaya, ya ce gobe in sha Allah. A gida ya tsakuri abinci ya ture, matarsa ta ce in na'urar ce ta ɓata masa rai ya bar ta a can, kada ya kawo mata ita cikin kwano.

Ranar Laraba da hantsi wani tela ya shigo, da tef ɗin awo rataye a wuya, yana riƙe da hannun mahaifiyarsa. Aka nuna masa ɗakin katuna. Ya zaunar da tsohuwar a benci, ya ce shi tambaya ya zo yi. Yana neman wani abu ne daban a wayarsa, a cikin akwatin tarkace inda saƙonnin 'yan damfara ke taruwa, sai ya ga wani saƙo yana maganar aikin ido da sunan mahaifiyarsa. Bai yarda da shi ba, don sunan wanda ya aiko ba na mutum ba ne. Duk da haka ya amsa don ya gani, amsar ta dawo masa nan take, wai babu mai wannan adireshi. Da zai share, to amma titin da aka rubuta a ƙasa daidai ne, kuma tsohuwa tun da ta ji an ambaci ido ta hana shi taka keken ɗinki.

Baba Hatimi ya karɓi wayar da hannu biyu. Kafin ya san abin da yake yi, ya juya ta ya dubi bayanta. Ba komai sai fasasshen murfi da tabon man keke. Telan ya ɗan yi murmushi, ya juya masa ita cikin ladabi, ya ɗora yatsa a can saman saƙon. A wurin akwai wasu haruffa da lambobi a cakuɗe, kamar lambar motar da ta yi haɗari. Wannan shi ne sunan da mutum ɗari da arba'in da uku suka gani, in ma sun gani.

Ya kira Auta a lokacin aikinta, abin da bai saba ba. Ta fito daga taro ta saurare shi har ya gama.

"Baba, layin farko fa? Wanda na ce ka cike?"

"Na mayar da shi wurinsa."

"Ina ne wurinsa?"

"Ƙasa mana. Bayan wasiƙa."

Ya ji ta ja numfashi, irin na mai danne dariya saboda girman uba. Sannan ta tambaye shi, a shekarunsa na gidan waya, wasiƙa nawa ya karanta kafin ya jefa ta a akwatin unguwarta. Ya ce subhanallahi, ko ɗaya, ambulan kawai ake dubawa. Ta ce to ita ma na'ura haka take. Layukan nan uku na sama su ne ambulan, fuska da baya duk a wuri ɗaya. Abin da ke ƙasansu kuwa takardar ciki ce. Da ya goge layin, na'urar ta rasa sunan da za ta sa, sai ta sa nata na haihuwa, wanda ba shi da akwati, ba shi da mai buɗewa.

Baba Hatimi ya zauna a hankali. Ashe adireshin da ya ƙawata, a cikin ambulan ya rubuta shi ya liƙe. Laifin da ya yi shekara tara yana tsine wa masu yinsa, shi ne ya yi sau ɗari da arba'in da uku cikin minti biyu, da hannunsa, yana kirari. Kunya ta hau shi tun daga ƙafa. Amma ba ta kai wuya ba sai wani abu ya riga ta: ashe saƙon yana isa. Hanya lafiya lau take, keke lafiya lau, ambulan ne kawai ba suna. Ya miƙe zumbur har tabarau ya zame, ya ce wa telan don Allah kada ya tafi, yau shi ne babban baƙon asibitin nan.

Ya buɗe littafinsa, ya samu layin a shafi na talatin da bakwai, da jan biro, yadda ya kwafe shi kafin ya yi masa hukunci. Ya mayar da shi saman, ya sa adireshin asibiti, ya gwada. Allo ya cika da jan rubutu: an ƙi. Auta, wadda har yanzu ke kan layi, ta ce kamfanin da ke riƙe da akwatin asibitin ba zai bar kowa ya aika saƙo da sunan asibiti ba sai ya kawo kalmar sirri, in ba haka ba kowane ɓarawo sai ya wayi gari ya zama asibiti. Ta yi zaton zai ji haushi. Sai ta ji yana tafa hannu ɗaya a cinya. Ya ce wallahi na'urar nan tana da tarbiyya, a gidan waya ma ba mai ɗaukar hatimin hukuma sai ya sa hannu a littafi. Ya ce ta koma taronta, Allah ya yi mata albarka, sauran aikin na ƙafa ne.

Ya tarar da Sista Doguwa da waya a kunne, da takarda a gabanta mai suna shida, abin da ta samu tun safe ke nan ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ya jira ta ajiye. Bai yi kwana-kwana ba, ya ce laifinsa ne, ya gyara abin da ba a ce ya gyara ba, ya ci musu kwana biyu, yanzu kuma ba zai iya komai ba sai da ita. Ta ce da wani ne da ta wanke shi tas a gaban marasa lafiya, amma furfura ta cece shi. Ta tashi ta bi shi, kuma a karon farko cikin shekara huɗu ta shiga ɗakin katuna har ta zauna a kujerarsa, gwiwoyinta na dukan ƙasan tebur. Ya nuna mata inda za ta buga kalmar sirrin, ya juya ya fuskanci taga, yana kallon tankin ruwa kamar bai taɓa ganin tanki ba, har ta ce ta gama.

Saura abu ɗaya. Layin mai aikawa gida biyu gare shi: adireshi, da sunan da mutum zai gani da ido. Baba Hatimi ya fara buga cikakken sunan asibitin, mai kalma bakwai. Sai tsohuwar da ke kan benci ta ɗaga kai wajen da murya ke fitowa, ta tambaya ko Sista Doguwa ce take ji. Aka ce ita ce. Tsohuwar ta lalubo hannunta ta riƙe, ta fara ba ta labarin idon hagu. Telan ya ce gaskiya shi ko sunan asibitin bai riƙe ba, a gidansu in za a zo nan cewa ake za a je wurin Sista Doguwa.

Yatsun Baba Hatimi biyu suka tsaya a sama. Ya goge kalma bakwai ɗin.

"Kada ka soma," in ji Sista. "Ina da suna na gaskiya, yana kan takardun shaida har uku."

"Takardun suna bango, Sista. Wannan yana bakin mutane."

Ya ce a zamanin kekensa ya kai wasiƙu da yawa waɗanda sunan da ke kansu ba wanda ya san shi a layin, sai ya faɗi laƙabi yara su ruga su nuna masa ƙofa. Ta ce a tambayi Likita. Aka tare shi tsakanin mara lafiya da mara lafiya, ya leƙo da fitilar duba ido a goshi, ya ji batun, ya ce shi kansa a kasuwa likitan wurin Sista Doguwa ake ce masa, a sa kawai. Ta ce duk sun haɗa mata kai. Amma ba ta tashi daga kujerar ba, kuma da ya rubuta laƙabin ya bi shi da sunan asibiti a taƙaice, ita ce ta ce a sa babban harafi a farkon Doguwa.

Wannan karon bai aika wa kowa ba sai mutum ɗaya. Su huɗu suka tsaya jira, fanka na numfashi a kansu. Wayar telan ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya duba, ya juyo musu da ita: saƙon yana babban akwati, ba a tarkace ba, kuma a samansa sunan da kowa ya sani. Baba Hatimi ya ce ya amsa, ya amsa yanzu. Telan ya rubuta cewa za su zo. Sista ta buɗe akwatin asibitin a nan kan kwamfutar Baba, kafin ta gama gyara zama amsar ta faɗo, ita kaɗai a saman fari, kamar ɗigon ruwan farko a kan kwano. Baba Hatimi ya kama hannun telan yana girgizawa har tef ɗin awo ya faɗi. Tsohuwa ta tambaya me aka samu, aka ce mata ita ce ta bakwai a layi.

Ya ƙara jimla ɗaya a farkon saƙon, ta ban haƙuri ga duk wanda ya ga wani saƙo mai baƙon suna ranar Litinin, sannan ya saki sauran. Minti goma sha ɗaya aka yi kafin ta biyu ta shigo, daga 'yar mai gyaran agogo. Daga nan sai suka riƙa zuwa bibbiyu, uku-uku. Kafin a tashi aiki an samu talatin da huɗu, har da na waya. Ya koma gida ya cinye abincinsa ya nemi ƙari, matarsa ta ce ashe an shirya da na'urar.

Ranar Alhamis ya riga mai shara zuwa, amma ya tarar Sista ta riga shi, ta jawo kujerarta daga can teburinta ta kafa a ɗakin katuna. Tana karantawa, shi yana ciro katin kowane mai amsa daga kanta yana ɗorawa a gefe. Ba wanda ya amsa da kalma ɗaya. Duk da ita suke magana. Wani ya ce mahaifinsa na gaishe ta, yana tambaya ko har yanzu tana da faɗa. Wata ta ce kakarta ta daina ɗiga maganin tun watan jiya, don Allah Sista ta ja mata kunne in sun zo. Wani jika ya turo hoton tsoho yana dariya da ido ɗaya fari fat. Akwai guda biyu da suka ce mai katin ya rasu, a nan ta ajiye katunan daban, ta kife su. Sannan aka ci gaba. Tarin katunan yana hawa, Baba Hatimi yana zagaya tebur, ya kasa zama, yana faɗin adadi da ƙarfi duk da ita ma tana gani. Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin ya ɗora na sittin. Kafin ya gama hamdala huɗu suka ƙaru.

Sista ta jingina da kujera, ta cire tabaranta ta murza ido. Ta ce ga abin da ya jawo mata: mutum sittin da huɗu sun gaishe ta da suna, kuma ba a yi mata tarbiyyar da za a gaishe ta ta yi shiru ba. Idon Baba Hatimi ya yi haske. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, layi biyar kawai zai ƙara, na'ura ta riƙa amsa wa kowa da kanta, da sunanta, cikin daƙiƙa ɗaya.

"Aikawa taka ce, Baba. Amsa kam da hannuna." Ta jawo kwamfutar gabanta. "Tashi ka kai wa Likita, biyu ta kusa."

Biyu ba ta kusa ba, amma bai yi musu ba. Firinta ta tofo jerin sunayen a hankali, shafi biyu, ya karɓe su da ɗuminsu. Ya daidaita gefensu a kan tebur, ya gyara wuyan riga. Yana bakin ƙofa ta ce ga wata ta shigo, sittin da biyar. Ya ce ta riƙe masa ita, zai dawo. Ya ɗaga takardun sama da kansa don kada a goge su a cunkoson baranda, ya fita.